Gangarar Ƙofar Baba

Ranar da Auta ta fara ganin Kafinta, ƙafar tebur ce ta kai ta wajensa. Ɗan teburin karatunta ne ya karye, ta rungumo shi da hannu ɗaya, littafi a ɗayan, ta tsallaka titi zuwa shagon da ke bayan gidan mai. Ta tarar da shi a duƙe yana yanka katako da zarto, fensir a bayan kunne, garin katako har cikin gashin gira.

"Sannu da aiki, Malam. Ƙafar nan za ta gyaru?"

Ya ɗago ya dubi teburin, ya dube ta, ya sake duban teburin da sauri kamar an kama shi da laifi.

"Za ta gyaru. Zauna a bencin can, yanzu-yanzu."

Ta zauna ta buɗe littafinta. Ita fa Auta sau biyu tana rubuta jarrabawar shiga jami'a, sau biyu fiziks yana kayar da ita. Wannan karon na uku ne, saura wata huɗu. Tambayar da ta tsaya mata a wuya ita ce: an ɗora akwati a kan katako, ana ɗaga bakin katakon ɗaya a hankali, a wace gangara akwatin zai fara zamewa? Ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa, har takardar ta kusa hujewa. Can ta ja tsaki.

"Mutanen nan ba su da tausayi. Sun manta ba su ba da nauyin akwatin ba, kuma suna son amsa."

Kafinta yana buga ƙusa ya ce, "Ai nauyin ba ruwansa."

Ta harare shi. "Malam, don Allah ka ji da ƙafar tebur."

Bai yi fushi ba, dariya ma ya yi. Ya ajiye guduma, ya jawo wani dogon katako, ya ɗauko ƙananan akwatuna biyu iri ɗaya da yake zuba kayan aiki. Ɗaya ya juye shi ya bar shi wayam, ɗayan ya cika shi da ƙusoshi har sai da ta kasa ɗaga shi da hannu ɗaya. Ya jera su a kan katakon.

"Wanne zai riga zamewa?"

"Mai nauyin mana. Wannan ma tambaya ce?"

Ya kama bakin katakon ya rinƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan. Shiru. Ya ƙara. Shiru. Ya ɗan ƙara, sai ga su sun taho tare, shuuu, kamar waɗanda suka yi shawara. Auta ta miƙe tsaye ba ta ma sani ba.

"Sake in gani!"

Sau uku yana yi mata. Ya ce, "Nauyin da ke jan sa ƙasa, shi ne dai ke danne shi a jikin katakon. In wannan ya ƙaru, wancan ma ya ƙaru. Abin da ke magana kawai shi ne santsin wurin da kuma yadda gangarar ta miƙe. Kullum muna loda kujeru a mota a kan katako, shi ya sa na sani."

Ya ciro tef ya auna tsayin bakin katakon daga ƙasa, ya auna shimfiɗarsa a ƙasa. Ta raba tsayin da shimfiɗar, ta dubi littafinta, ta dubi lambar. Ashe abin da malaminsu yake ta rubutawa a allo shekara biyu ke nan, wanda suke kira ƙarfin gogayya, ga shi nan kwance a shagon kafinta cikin garin katako. Sai ta ji hawaye yana neman zubo mata.

"A ina ka yi karatu?"

"Aji uku na tsaya. Mahaifinmu ya rasu, shago ya dawo hannuna." Ya miƙa mata teburin. "In wata tambayar ta sake yi miki taurin kai, ki kawo ta. Muna da guduma."

Ranar nan dai ta tafi da tebur, ta bar lambar waya.

Da yamma saƙo ya shigo: "Furofesa, ya ƙafar tebur? Ina fata ba ta ɗingishi."

Ta mayar: "Lafiyarta lau, Malamina. Tambaya bakwai na yi yau, shida na ci."

"Ta bakwai ɗin ki kawo min ita gobe, zan yi mata magana."

Haka abin ya fara. Ta kan je da littafi bayan la'asar, ya ware mata katako guda da ba ya bari kowa ya taɓa. Sun zamar da bulo, sun zamar da takalmi, sun zamar da gwangwanin fenti. Wata rana ta ce, "Malamina, me ya sa in abu ya fara tafiya ba ya tsayawa, ko an ɗan sauke katakon?" Ya ce, "Tayar da shi ne da wuya. In ya riga ya taso, riƙe shi sai Allah." Ya faɗa yana kallonta, ita kuma ta sunkuyar da kai tana gyara mayafin da ba abin da ya same shi.

A gida, wadda ta fara ganewa ita ce Yayarta, da ta zo kwana biyu da jaririyarta saboda mijinta ya yi tafiyar aiki. Tana shayarwa tana kallon Auta na murmushi da waya.

"Ke, wannan fiziks ɗin naki mai gemu ne?"

"Kai Yaya!"

"Ni dai karatuna bai yi nisa ba, amma ban taɓa ganin an yi wa lissafi irin wannan dariyar ba. Faɗa min tun kafin Baba ya ji a waje."

To, Baba shi ne maganar. Mahaifiyarsu ta rasu tun Auta tana rarrafe, shi ya raine su. Shekara talatin yana jan tirela, har shekara shida da suka wuce motarsa ta zame a wata gangara ana ruwan sama, ta kife da shi. Tun daga nan yake kan keke, ƙafafun ba sa ɗaukarsa. Ƙofar falonsu kuma matakala biyu gare ta zuwa tsakar gida, duk fitar da zai yi sai an kira maƙwabta sun ɗaga shi da keken. Mutumin da ya saba ratsa ƙasa shi kaɗai, ya tsani a ɗauke shi kamar buhu. Sai ya daina fita. Yana nan bakin taga da rediyonsa, daga safe har yamma.

Da Auta ta durƙusa ta faɗa masa, sai da ya rage muryar rediyon.

"Kafinta?"

"E, Baba."

"Na yi shekara talatin ina kwana a ƙarƙashin mota don ki riƙe biro. Ga ɗan aminina, ya yi karatu, manaja ne a kamfanin kayan gini, sau biyu uban yana yi min magana. Ni ba zan yi miki dole ba, Auta, ban taɓa yi ba. Amma kada ki nemi in sa albarka a abin da raina bai kwanta da shi ba."

Auta kuwa ta san kanta. Za ta iya haƙura da komai, amma ba za ta iya fita daga gidan nan ba tare da albarkar Baba ba. Ta rubuta wa Kafinta:

"Malamina, Baba ya ƙi. Ban yi musu da shi ba. Ina son ka, kuma ba zan taka ƙofar nan in bar shi da ɓacin rai ba. Ban san yadda zan yi ba."

Ya amsa: "Kada ki yi musu da shi, Furofesa. Uban da ya raini mace irinki ba a yi masa gardama. Matakalar ƙofarku da kika taɓa ba ni labari, tsayinta nawa?"

"Ƙafa ɗaya. Me ya faru?"

"Bari hannuna ya je gaisuwa kafin bakina."

Kwana huɗu ya rufe shago ga kowa. Ya zaɓo katako mafi kyau a rumbunsa, ya haɗa wa Baba gangarar da keke zai bi, tsayi ƙafa ɗaya, shimfiɗa ƙafa huɗu, daidai filin da ke gaban ƙofa. Da ya gama ya tsaya yana kallonta, sai ya ga kamar ta yi muni a kai wa surukin da ake nema. Ya ɗauko samfefa ya goge ta sumul. Ya shafa mata folish, man ƙyallin nan da suke shafa wa kujerun falo. Ta bushe, ya ƙara. Ta bushe, ya sake ƙarawa. Sau uku, har mutum yana ganin haƙoransa a ciki.

Da yamma ya kawo ya kafa. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaida Baba, Baba ya amsa da ƙyar yana kallon taga. Yaya ce ta rinƙa zagaya abin da goyo tana tafa hannu.

"Kai, wannan ai madubi ne! Baba, zo ka ga fuskarka!"

"Na san fuskata," in ji Baba. Bai ko matso ba.

Amma Auta ta ga yadda yake satar kallon ƙofar. Ashe so yake ya gwada ba idon kowa.

Washegari da safe Yaya ta wanke kayan jaririya a bayi, ta ɗauko baho za ta shanya, ruwan kumfa ya rinƙa fallatsa a kan gangarar tana wucewa. Ba ta kawo komai a ranta ba. Auta tana ɗaki tana bitar darasi. Baba ya leƙa ya ga ba kowa, ya turo kekensa a hankali ya hau.

Da tayoyin suka taka katakon ya ji keken ya ɗauki gudu. Ya damƙe tayoyin da hannu biyu, suka tsaya cak ba sa juyawa, amma keken bai tsaya ba. Haka ya sulale da shi, ya bugi randar fulawa, ya kife.

Ƙarar ce ta fito da su a guje. Suka tarar da Baba a ƙasa, tafin hannunsa ya ɗaye. Raunin ba wani babba ba ne. Idonsa ne ya tsorata Auta, don ba tsakar gidan yake kallo ba.

"Na taka birki," yake ta faɗa a hankali. "Na taka, ta ƙi tsayawa."

Maƙwabta suka ɗaga shi suka mayar ciki, abin da ya fi tsana a duniya. Kafin azahar labari ya kai wa Manaja, ɗan aminin Baba, ya zo da ledar magani da turarensa mai cika ɗaki. Ya ƙwanƙwasa katakon da makullin mota.

"Baba, aikin bakin titi ke nan. Katako ba ya ɗaukar babban mutum irinka. Ka bar min, jibi zan kawo tayil mai kyau a zuba siminti a shimfiɗa, a wuce wurin."

Kafinta ma ya iso, ko hular kansa bai tsaya ɗauka ba. Ya ga jinin da ke kan siminti, ya shafa katakon da yake jiƙe har lokacin, ya dubi tafin hannunsa. Fuskarsa ta canza. Ya durƙusa a bakin ƙofa zai yi magana, Baba ya ɗaga hannun da aka naɗe.

"Ɗauki kayanka. Auta, kada in sake jin sunan yaron nan a gidana."

Kafinta ya miƙe. Ya cire ƙusoshinsa, ya saɓa katakon a kafaɗa, ya fita.

Auta ta rubuta: "Malamina, Baba da sauƙi. Ka yi min magana."

Shiru.

Washegari: "Ka ga saƙona. Ko kalma ɗaya ce."

Sai can da rana ya amsa: "Ki yi haƙuri. Ki mai da hankali kan jarrabawarki. Allah ya ba ki wanda ya fi ni."

Ta karanta ta kife wayar a kan katifa. Wato daga tuntuɓe ɗaya ya gudu? Mutumin da ya ce in abu ya taso riƙe shi sai Allah? Ta yi kuka mai isarta, ta goge lambarsa, duk da ta haddace ta. Littafin fiziks kuwa ko kallonsa ba ta son yi, don kowane shafi katako ne a jingine.

Yaya ce abin ya hana sukuni, don ta san ruwan wankinta ne. Ta saɓa goyo ta ce za ta sayo sabulu, ta zarce shago. Da ta dawo ko mayafi ba ta cire ba ta faɗo ɗakin Auta.

"Ke, tashi! Wanda kike cewa ya gudu, yana can ya rame kamar sandar mofar goge ɗaki. Katakon nan ya jingine a bango, yana zuba masa ruwa yana zamar da guntun taya, yana zagin kansa. Ya ce min, 'Yaya, ni na koya mata santsi ne ke magana, kuma ni na ɗauki folish da hannuna na shafa har sau uku don Baba ya ga kyau. Da wane ido zan kalle ta? Da ya bugi kai fa?' Wallahi sai da na taya shi kuka, jaririya ma ta kama."

Auta ta tashi zaune. Ta jawo littafin da ta jefar ƙarƙashin gado.

"Yaya, yaushe Manaja zai kawo tayil ɗin?"

"Gobe da safe."

Ta ɗauki waya, ta danna lambar da ka: "Malam Kafinta, ba hira na zo yi ba. Ka aiko min da katakon da ka shafa wa folish, da wani ɗanye wanda ba a goge ba, da tef ɗinka, da guntun tayar nan. Ɗalibarka za ta shiga jarrabawa gobe."

Ko minti biyu ba a yi ba: "To, Furofesa."

Da safe Manaja ya iso da dogon tayil fari tas, yana sheƙi. Auta ta gaishe shi da ladabi, sannan ta durƙusa gaban Baba.

"Baba, ka ce kada ka ji sunansa, ba zan faɗa ba. Alfarma ɗaya nake roƙo. Kafin a kafa maka wani abu a ƙofar nan, ka bari in gwada shi a gabanka. Kai ka biya min makaranta, ka ga abin da na koyo."

Baba ya dube ta ya dubi kayan da ta jera a tsakiyar falo. "Gwada."

Ta ɗauko guntun katako da aka manna wa tsohuwar taya a ƙasa. Yaya ta kawo ruwan kumfa a kofi. Aka fara da katakon folish: ta jiƙa shi, ta ɗora, ta rinƙa ɗagawa. Ba a je ko'ina ba ya sulale. Ta auna.

"Ɗaya cikin biyar. Wato in gangara ta sauka ƙafa ɗaya a cikin ƙafa biyar, taya ba za ta riƙe ba. Ta ƙofarmu ɗaya cikin huɗu ce, ta fi haka miƙewa. Ko wa ya hau ranar nan sai ya zame, Baba."

Manaja ya gyara tsayuwa. "Shi ya sa na ce tayil."

Ta jiƙa tayil ɗin. Ko ɗagawar kirki ba ta yi ba, abin ya wuce fuu, ya je ya bugi ƙafar Manaja. Yaya ta toshe baki da zanen goyo.

"Ɗaya cikin shida," in ji Auta. Ba ta yi dariya ba.

"Wannan ai ɗan guntun katako ne," Manaja ya ce. "Baba mutum ne mai jiki, nauyinsa zai danne keken ya zauna daram."

Auta ta ɗauko dutsen guga da bulo guda ta ɗaure a kan guntun katakon, ta sake ɗagawa. A daidai wurin ɗazu ya zame, ko yatsa bai ƙaru ba. Sannan ta jawo ɗanyen katakon nan mai kaushi, mummuna, ta jiƙa shi sharkaf. Ta ɗaga, ta ɗaga, har hannunta ya kai ƙirji, abin yana nan manne. Sai da ta kai ɗaya cikin biyu ya motsa, shi ma da jan jiki.

Baba ya turo kekensa ya matso.

"Sake na mai nauyin."

Ta sake.

"Cire bulon ki sake."

Ta cire ta sake. Wuri ɗaya.

Baba ya daɗe yana kallon tayil ɗin da ruwa ke gangarowa a kansa.

"Ranar da motata ta zame, lodina ya cika taf. Shekara shida ina cewa da na rage kaya, da ba ta zame ba. Kullum na kwanta sai na sauke buhunan nan ɗaya-ɗaya a cikin kaina."

Auta ta rarrafa ta kama hannunsa mai bandeji. "Baba, kai ka ce min mai ya zube a titin, ga ruwan sama. In taya ta rasa abin kamawa a gangara, mota ko wayam take sai ta tafi. Ba lodinka ba ne."

Baba ya juya fuska wajen taga. Kafaɗunsa suka rinƙa motsi. Yaya tana kuka, jaririya tana kallon kowa da ido zuru-zuru. Manaja, Allah ya ba shi lada, ya ɗauki tayil ɗinsa a hankali ya ce, "Baba, a falo dai ya fi kyau. Allah ya ƙara lafiya." Ya fita.

Can Baba ya share fuska da hannun riga. "To shi da ya san duk wannan, uban me ya kai shi shafa mai?"

Yaya ta yi caraf: "Don ka ga fuskarka a ciki, Baba. Sau uku ya shafa. Wai kada ya kawo maka abu mummuna ka raina shi."

Baba ya dube ta, sai ga dariya ta ƙwace masa, irin wadda suka manta yana da ita. "Sakarai! Ni da na yi shekara talatin ina addu'ar titi mai kaushi. Kira min shi."

Kafinta ya zo ya durƙusa tun daga tsakar gida, kansa a ƙasa.

"Baba, ku yafe min. Na so in burge ku ne, na kusa..."

"Matso nan, ba na jin magana daga nesa. Kai ka koya mata abin nan?"

"Katako kawai na ɗaga mata, Baba. Lissafin nata ne."

"To ji nan. Za ka sake min wata. Doguwa nake so, ta bi jikin bango, ta sauka a hankali kamar tsohon direba. Nawa za ta kai, Auta?"

"Ƙafa goma sha biyu, Baba. Ɗaya cikin sha biyu."

"Ka ji. Ka bar ta da kaushinta, ka tsaga mata layi-layi, ka sa abin riƙewa a gefe. In na ga gwangwanin folish a unguwar nan, da kai da shi zan haɗa."

"In sha Allah, Baba."

"In na sauka lafiya na hau lafiya, ka turo manyanka."

Kafinta ya ɗago kai kamar bai ji daidai ba. Yaya ta rangaɗa guɗa har jaririya ta firgita.

Da yamma saƙo ya shigo wayar Auta: "Furofesa, kin ci jarrabawa. Ni ne na faɗi."

Ta mayar: "Ka faɗi, Malamina. Amma an yarda ka sake rubutawa. Kada ka ƙara yi min shiru, ko gini ka rushe."

"Har abada."

Ranar da aka kafa sabuwar gangarar, Yaya da kanta ta kwara mata bokiti biyu na ruwan kumfa, wai gara a yi ta ta ƙare. Baba ya hau ya sauka sau biyar, a na shida ya zarce ƙofar gida ya fita titi, sai da aka bi shi. Tun ranar ba ya zaman taga. Jarrabawa ma ta zo, tambaya ta huɗu akwati ne a kan gangara, Auta ta ce sai da ta danne dariya a cikin ɗakin. Sakamako ya fito ta ci, fiziks ɗin ma ya fi sauran kyau.

Wata biyu bayan nan aka ɗaura aure. Gida ya cika, maƙwabtan da suka saba ɗaga Baba suka taso da sauri da suka ga ya nufo ƙofa cikin farar riga. Ya ɗaga musu hannu.

"Ku zauna abinku."

Ya gangaro shi kaɗai. A tsakiyar gangarar ya riƙe tayoyin, keken ya tsaya cak, ko motsi. Ya kira Auta, ya kira angon, suka durƙusa a gabansa a kan katakon nan mai kaushi da ke kama musu kaya. Ya ɗora hannu ɗaya a kanta, ɗaya a kafaɗar Kafinta.

"Na ba ka ita da zuciya ɗaya. Ka riƙe min ita yadda katakon nan ya riƙe ni. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari, ya sa karatunta ya kai inda take so."

Tsakar gida ta ɗauka da amin. Auta tana kuka, ango yana share ido da hula, Yaya tana rawa da jaririya a kafaɗa tana gaya wa duk wanda ya tsaya kusa da ita cewa ruwan wankinta ne ya haɗa auren. Baba kuwa ya saki tayoyinsa a hankali, ya ƙarasa gangarowa, ya shige gaba ya raka amarya har bakin mota.